Wancan na Jamus

Asabar, bayan La'asar. Kalgo.

Yaya Zayyanu bai kira ba yau ma. Tun da ya tafi Jamus karatun digiri na biyu, shekara ɗaya da wani abu ke nan, Asabar ce ranarmu. Shi yake kira, ni kuma in ajiye komai in zauna, ya yi ta zuba har wayata ta yi zafi a kunne. Asabar ɗin da ta wuce bai kira ba, wadda ta gabace ta kuwa gaisuwa kawai muka yi ya ce barci yake ji. Na tura masa saƙo ɗazu. Saƙon ya shiga, amma 'yan alamomin nan biyu ba su yi shuɗi ba, wato bai buɗe ba.

Haliru ya ce jarrabawa ce ta sa shi gaba, in daina sa wa kaina damuwa. Mijina irin mutanen nan ne da ko rufin ɗaki ya yaye zai ce dama ana bukatar iska. Na ci gaba da duba littattafan 'yan ajina.

Lahadi, da hantsi.

Na zauna wanki na kunna tsofaffin saƙonnin muryarsa, tun na farkon zuwansa. Na manta yadda yake da surutu.

"Ke Amatu, jami'ag ga ba ta da katanga, ba ta da get, ba ta da mai gadi. Na sauka jirgi nit tambayi wani ina jami'a take, yac ce min ai kana cikinta."

Haka ya yi ta ba ni labari. Wai ɗalibai sun haura dubu arba'in, gine-ginen makarantar kuma a warwatse suke cikin gari, sashen aikin gona a nan, na likitanci can bayan kogi. In an tashi daga wani darasi sai ya hau jirgin ƙasa na cikin gari ya tafi wani, katin ɗalibi kawai yake nunawa. Akwai babban ɗakin cin abinci da suke kira Mensa, kowane kwano da alamarsa, har da hoton alade a kan wanda bai halatta ba. Furofesan da ke koya musu ilimin ƙasa da ruwa a keke yake zuwa, da hular kwano a kansa. Yaya ya ce ran farko har ya so ya karɓar masa jaka, tsohon ya riƙe abarsa gam yana kallonsa kamar ɓarawo.

A gidan kwanan ɗalibai kicin ɗaya suke amfani da shi, shi da wani ɗan Sin, da ɗan Siriya, da wata 'yar Kamaru, da 'yan Indiya biyu da ba sa gajiya da soya albasa. Kowa da ɓangarensa a firji. Ranar da ya kaɗa miyar kuka da daddawar da Goggo Jummai, ƙanwar Baba, ta ƙulla masa, sai da aka buɗe tagogi duka, amma ɗan Sin ɗin ya dawo da cokali. Shara ma sai an rarraba ta, kwalba daban, takarda daban. Ran Lahadi kantuna a rufe suke. Sallar Juma'a a wani ɗaki suke yi a ƙasan ginin injiniyoyi, Turkawa da 'yan Pakistan da Larabawa da namu, kowa da irin yadda yake riƙe hannu.

Ina tafe ina saurare har na iso na watannin nan. Sun gajarce. Babu dariya a cikinsu, sai maganar sanyi da duhu, wai kafin ya shafa addu'ar La'asar rana ta faɗi. A na ƙarshen ya ce, "Amatu, na mance rabon da in ga inuwata." Na ji shi a lokacin da ya aiko, dariya ma na mayar masa. Yau ban yi dariya ba.

Talata, bayan Azahar.

Ba shuɗi.

Laraba, bayan an tashi makaranta.

Baƙuwar lamba ta kira ni, irin ta Jamus. Na ɗauka da sauri. Wani ne mai suna Ubaidullahi, ɗan Dogon Dutsi ta Nijar, yana karatun injiniya a jami'arsu, tare suke sallar Juma'a. Ya yi doguwar gaisuwa, har gida har yara har gajiya, ni kuwa na ƙagu ya kai ga magana.

Ga abin da na fahimta. Akwai wata jarrabawa da Yaya ya faɗi sau biyu. A dokar kwas ɗinsu, in mutum ya faɗi ta uku an sallame shi ke nan. Ta ukun tana nan tafe ƙarshen wata. Tun da sakamakon ta biyu ya fito ya daina zuwa aji, ya daina zuwa Mensa, yanzu ko kicin ba ya leƙawa. Ubaidullahi ke kai masa abinci, sau da yawa ya dawo ya tarar da kwanon yadda ya bar shi.

Ya kuma faɗi wani abu game da gada, da inda ya same shi ran wata Juma'a da bai gan shi a masallaci ba. Ba zan rubuta wannan ba.

Ya ce ran Litinin da ta biyo baya ya lallaɓa Yaya ya kai shi wani ofishi da jami'a ta tanada don ɗaliban da damuwa ta yi wa yawa. Sau ɗaya ya je. Na yi masa godiya, na ce Allah ya bar zumunci. Da na kashe wayar sai na ga ashe a tsaye nake tsakiyar filin makaranta, yara duk sun watse.

Alhamis, da safe.

Na gaya wa Haliru. Bai ce iska ake bukata ba. Ya ajiye shayinsa ya ce in zan je Gwandu wajen Inna zai nemo wadda za ta riƙe mini 'yarmu Maryam.

A aji na rubuta kwanan watan jiya a allo, yara suka gyara mini.

Ba shuɗi.

Juma'a, bayan La'asar.

Ubaidullahi ya sake kira. Ya ce akwai maganar da ya rage shekaranjiya don bai san yadda zan ɗauke ta ba.

Matar da ke ofishin nan, ya ce, mutuniyar kirki ce, dattijuwa mai haƙuri. Ta yi wa Yaya tambayoyi da Turanci, shi Ubaidullahi yana zaune gefe. Ta tambaye shi gida, ta tambaye shi mahaifiyarsa, wai wane suna take kiransa da shi in suna hira. Yaya ya ce ba sa hira. Ya ce tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama kusa da shi ba, da aka yaye shi ma ƙanwar babansa aka ba. Matar ta ajiye biro, ta turo masa kwalin takardar share hawaye.

Ni da na ji haka dariya ta kusa kuɓuce mini. To mene ne a ciki? Inna Bafulatanar Ceberu ce, Yaya kuma ɗan farinta ne. Wace uwa ce a danginmu take kiran sunan ɗan fari? "Wancan" take ce masa tun muna yara. An ajiye wa wancan tuwo. Wancan ya dawo? Ɗan maƙwabtanmu da aka sa wa Zayyanu ma "mai sunan wancan" take ce masa. Ranar da zai tafi Jamus, gida cike da 'yan rakiya, ita tana bayan ɗaki wajen awaki, wai igiya take nema. Kowa ya san kunya ce, kuma kowa ya san wa ake ajiye wa man shanun farko in an kaɗa nono.

Ubaidullahi ya ce shi ma ya yi wa matar bayani, ta kuma saurara, ta ce ta gode da ya fahimtar da ita. Matsalar ba wajenta take ba. Suna fitowa Yaya ya ce masa, "Ubaidu, da Hausa abin ga kunya na. Da nih hwaɗe shi da Turanci, sai nij ji ya koma wani abu daban." Tun ranar maganar da yake juyawa ke nan in ya yi magana. Wai ya zauna ya duba rayuwarsa duka bai samu rana ɗaya da ta dube shi ido cikin ido ba. Wai wanda uwarsa ma ba ta iya faɗin sunansa, don me furofesa zai tuna da shi.

Raina ya ɓaci, ban ma san da wa ba. Na ce, "Shi da yas san komi? Shi da ka yi muna dariya in Inna ta ɓoye mai nama ƙarƙashin tuwo?" Ubaidullahi ya ce, "Malama, mutum in shina cikin duhun ga, abin da yas sani ba shi amfaninai." Ya ce matar ta ba da shawara a samu muryar wani daga gida. Ya ce in Yaya ya yarda ya ga lokotoro, wato likita, za a iya ba shi shaidar rashin lafiya a ɗage masa jarrabawar. In kuma ranar ta zo bai je ba, babu shaida, faɗuwa za a rubuta. Amma sai ya fito daga ɗakin tukuna.

Asabar, bayan Magariba. Gwandu.

Na iso da Azahar. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince albasar da aka kawo daga fadama, tana ware masu taɓo. Tun rasuwar Baba ita ke kula da wannan da kanta. Muka gaisa, ta tambayi Haliru da Maryam da hanya. Ba ta tambayi kowa ba bayan su, kamar kullum, ta bari in kawo da kaina.

Na ce, "Inna, Yaya ba shi da lahiya."

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Allah shi sawwaƙa." Can ta ce, "An ce ƙasag ga sanyi gare ta."

Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ban da gada. Na ce ba ciwon jiki ba ne, damuwa ce, ya rufe kansa a ɗaki. Na fito da waya na ce so nake ta yi masa magana, ko kalma biyu ce, ta kira sunansa ya ji.

Ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba zane. "Ke Amatu, boko ta ci kanki? Ni? Ga Goggonai can Ceberu, ita tar rene shi, ki tai ta yi mai."

Na ce ba muryar Goggo yake nema ba. Ta ce a ina na taɓa ganin an yi haka. Na ce a gidana, ni da nake kiran Maryam, 'yar farina, tun safe har dare ban ga abin da ya ragu a jikina ba. Ta ce ai shi ya sa take jin nauyin zuwa gidana. Daga nan murya ta hau. Na faɗi maganganun da bai kamata 'ya ta faɗa wa uwarta ba a kan albasa. Ita kuwa ta ci gaba da tsintarta, mai kyau nan, mai taɓo can.

Lahadi, da yamma.

Na kula Inna ba ta karya ba, da rana ma ba ta ci komai ba. Na tambaya, ta ce azumi take. Na ce yau Lahadi. Ta ce ta sani.

Goggo Jummai ta zo daga Ceberu a bayan babur, da ƙullin daddawa kamar yau za a kai masa. Ita ba ta da wata kunya a kansa, ɗanta ne na goyo. Ta karɓi wayar ta riƙe ta nesa da baki kamar mai kiran wani daga ƙetaren rafi. "Zayyanu! Kai Zayyanu! Don ubanka mi kaka yi cikin ɗaki awa amarya? Jarrabawa ta mi? Kai da kah hwaɗa rijiyar Malisa kah hito da ƙahwarka!" Ta yi ta yi, zagi da addu'a a haɗe, har ta fashe da kuka a ƙarshe ta miƙo mini wayar. Inna tana ɗaki duk wannan lokacin, labulen a sake, amma rediyonta da ba ya mutuwa yau a kashe yake.

Na tura. Kafin Magariba ya yi shuɗi. Bai amsa ba.

Litinin, da hantsi. Kalgo.

Na dawo da motar farko. Inna ta ba ni buhun albasa rabi, muka yi sallama kamar ba abin da ya faru.

Laraba, bayan Azahar.

Ubaidullahi ya ce Yaya ya ji na Goggo, ya ɗan murmusa ya ce, "Goggo ke nan," sannan ya juya ya fuskanci bango. Shinkafar da ya kai masa jiya tana nan. 'Yar Kamarun nan ta dafa masa kaza da barkono ta ajiye a ƙofa, ɗan Siriya ya ce zai riƙa leƙa shi in Ubaidullahi yana aji. Mutanen da ban taɓa gani ba suna karɓa-karɓa a ƙofar ɗakin yayana, ni ina nan ina koya wa yara jam'in suna.

Maganar likita Yaya ya ce a bari sai gobe. Jiya ma haka ya ce.

Alhamis, da safe.

Haushi nake ji. Ina jin haushin Jamus da ranarta da ba ta fitowa. Ina jin haushin jami'ar da ta tara mutum dubu arba'in, amma mutum ya ɓace a cikinta sai ɗan Dogon Dutsi ne zai lura. Ina jin haushin Yaya, wanda ya fi mu duka ƙwaƙwalwa, ya bari kwalin takarda ya rikita masa uwarsa. Ina jin haushin Inna. Na tsawata wa Maryam a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta tafi makaranta tana kuka.

Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in zabura in duba lambar.

Alhamis, bayan La'asar.

Haliru ya dawo daga Wurogauri da kifi, na soya, ban ci ba. Ya ce, "Kin gaya ma Inna duka?" Na ce ban da abu ɗaya. Ya ce, "To abu ɗayan nan shi na maganar."

Juma'a, bayan Magariba. Gwandu.

Na nemi izinin shugabar makaranta na taho. Inna ta gan ni ba ta ce me ya dawo da ke ba. Tana dama fura a bakin ɗakinta. Ta rame a 'yan kwanakin nan, wuyanta ya fito.

Na zauna a ƙasa kusa da ita, ban ɗaga murya ba yau. Na faɗa mata abin da ban rubuta ba. Na faɗa mata ranar, da wurin, da yadda Ubaidullahi ya ce ya riƙo rigarsa. Na kuma faɗa mata abin da Yaya ya ce game da sunansa, kalma da kalma.

Ludayin ya tsaya. Ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta rufe ta da faifai, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta fito ba sai da aka kira salla. Ta yi alwala, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Ban sani ba ko gyara na yi ko ɓarna.

Asabar, bayan Asuba.

Ina kan sallaya ta shigo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Abin ga naki, ina aka dannawa?"

Na nuna mata. Na sa yatsarta a wurin, na ce ta riƙe kada ta saki sai ta gama. Ta ce in fita. Na fita, amma ban yi nisa ba, Allah ya yafe mini, a jikin ƙofa na tsaya.

Shiru ya yi tsawo har na zaci ta fasa. Ina jin numfashinta. Sai na ji ta ce, "Zayyanu." Wallahi ban gane muryar ba da farko. Sunan ya fito mata a karkace, kamar yadda 'yan ajina ke faɗin kalmar da suka gani a allo yau-yau. Ta sake cewa, "Zayyanu. Ni ta. Ka tashi." Shi ke nan.

Ta fito ta miƙo mini wayar ba ta dube ni ba, ta ja mayafi har goshi ta nufi wajen awaki. Na duba, saƙon ya tafi.

Asabar, da hantsi.

Shuɗi. Ba amsa.

Asabar, bayan La'asar.

Bari in rubuta tun ban manta yadda aka yi ba.

Wajen Azahar wayar ta yi ƙara, kiran bidiyo daga lambar Ubaidullahi. Na ɗauka, sai ga fuskar Yaya ta cika wayar. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, ya ɗora rigar sanyi a kan jallabiyar barci. A waje yake. Bayansa tashar jirgin ƙasa ce, mutane na wucewa da jakunkuna, shi ma da jaka a kafaɗa.

Ko sallama bai yi ba. "Amatu, ki hwaɗa min gaskiya don Allah. Wace asibiti anka kai ta? Tana da rai?"

Na ce wa? Ya ce Inna. Na ce Inna lafiyarta ƙalau. Ya ce kada in yi masa irin ta gida, a ce da sauƙi alhali an gama. Yana magana yana haki. Ubaidullahi ya leƙo ta gefe ya ce tun da Yaya ya saurari saƙon ya fito a guje ba ko safa, ya buga masa ƙofa, wai lallai sai ya raka shi filin jirgin sama yanzu-yanzu. Da ƙyar ya shawo kansa a kira gida tukuna.

Yaya ya ce, "Na san Inna. Ba ta kiran sunana sai in mutuwa tag gani. Bankwana taka yi min."

Ni duk lissafin da na yi a makon nan, wannan bai zo mini ba. Na ce tsaya ka gani. Na fita tsakar gida na juya wayar. Inna tana tsugune bakin randa tana wanke ƙore. Ta ɗago, suka haɗa ido, ita da shi, abin da bai fi ƙiftawa biyu ba. Sai ta juya mana baya da sauri har ƙwarya ɗaya ta gangara.

Ya kira ta, "Inna." Ba ta waiwayo ba. Ta ci gaba da cuɗa ƙwaryar da ta riga ta fita. Sannan ta ce, da ni take magana, amma da ƙarfin da za a ji har Jamus:

"Ki ce ma wancan gaskiyatai. Mutuwa nig gani. Amma ba tawa ba."

Ina jin wata murya a lasifikar tasharsu tana sanarwa da Jamusanci. Yaya ya sauke jakar, ya zauna a kanta, ya sa hannu ya rufe fuska. Kafaɗunsa suna rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Wata tsohuwa da kare ta tsaya tana kallonsa, Ubaidullahi ya yi mata alama ba komai.

Da ya samu murya ya ce, "Ki ce mata an ji."

Na ce, "Inna, wai an ji." Ta ce, "Ki ce a ci abinci. An rame."

Ubaidullahi ya ce akwai shagon wani Baturke a bakin tasha, can za su fara zuwa. Na ga Yaya ya miƙe ya ɗauki jakarsa da kansa kafin wayar ta katse.

Lahadi, da rana.

Inna ta karya da safe. Fura da nono, ludayi kaɗan, amma ta sha. Ba mu yi maganar jiya ba.

Talata, bayan La'asar. Gwandu har yanzu.

Yaya ya ga likita jiya, Ubaidullahi ya raka shi. An ba shi shaidar, an ɗage jarrabawar zuwa zango mai zuwa. An ce zai riƙa komawa wajen dattijuwar nan, an kuma haɗa shi da wani likitan. Ubaidullahi ya ja mini kunne kada in ɗauka an warke, yau ma da ƙyar ya tashi, kuma bai yi magana da kowa a kicin ba. Na ce na ji. Ni da kaina muka yi 'yar magana da shi, muryarsa a dushe. Abu ɗaya ya roƙe ni, wai kada in shafe saƙon nan na Inna.

Gobe zan koma Kalgo. Ɗazu ina haɗa kaya Inna ta shigo, ta tsaya tana gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi. Ta ce, "Abin ga da nih hwaɗi cikin wayarki, ki shahe shi. Kar wani shi ji."

Na ce zan iya shafe na wayata, amma wanda ya isa can ya riga ya isa, yana hannunsa, ba ni da iko da shi.

Ta murza bakin buhun. Sannan ta ce, "To shi aje shi da kyau. Ba a ƙara wani."